Tiren Gindin Darbejiya

A ofishin lauyoyin da na fara aiki a Njamena, babu wanda ya taɓa gaya mini baƙar magana. Na fara da wannan ne domin duk sa'ad da 'yan mata masu karatun shari'a suka zo wurina hira, abin da suke son ji shi ne wa ya wulaƙanta ni, ni kuma yaya na rama. Sai su ga ba ni da irin wannan labari, su tafi ransu bai so ba. Ni karramawa ce ta kusa kashe mini aiki, kuma da tsokar nama aka riƙa yin ta.

Mu 'yan kasuwa ne tun kaka da kakanni. Kakan babana ya shigo garin nan tun zamanin Nasara da goro da tufafi, ya zauna, ya hayayyafa, har muka zama 'yan gari. Hausa muke yi a gida, Larabci a titi da kasuwa, Faransanci a makaranta. Baba atamfa da shadda yake sayarwa, daga baya ya yi gini a unguwar Guji muka koma can. A duk zuri'armu ni ce na fara karanta shari'a, a maza da mata. Ranar da zan yi rantsuwa Inna ta kifa baƙar rigar lauyoyin nan a kan kaskon turaren wuta kamar kayan amarya, har sai da na ce mata kotu za ni ba gidan biki ba. Ta ce in rufe mata baki.

Tsarin aikinmu shi ne, bayan rantsuwa sai ka yi shekara biyu kana koyo a hannun babban lauya. A ƙarshe shi zai shaida cewa ka riƙe shari'u, ka tsaya gaban alƙali ka yi magana da bakinka. In bai shaida ba, kana nan a ɗan koyo, ko ka haƙura ka nemi wata sana'a. Na rataye rigata a ƙusar da ke bayan ƙofar ɗakin da aka ba ni, ina ganin cikin satin nan zan sa ta. Wata ya bi wata, rigar tana rataye, har ƙamshin turaren Inna ya fita daga jikinta. Kullum na dawo gida Baba zai tambaye ni, yana alwalar magariba: "Yau an sa rigar?" In ce ba a kai ga nan ba tukuna. Ya ce, "To, Allah ya kai mu." Da ya yi mini faɗa ma da ya fi mini sauƙi.

Mai ofishin kowa Metir yake ce masa, kamar yadda ake kiran lauyoyi a nan. Dattijo ne gajere, mai tumbi, mai dariya da ƙarfi, kuma ban taɓa ganin mutum mai son magana irinsa ba. Ko ɗan kilando, wato ɗan acaɓa, ya sauke shi, sai ya san garinsu da sunan hakiminsu. Mahaifiyarsa Bahaushiya ce, amma a ofis Larabci da Faransanci yake yi da kowa, har da ni. Akwai manyan lauyoyi uku a ƙarƙashinsa, sai mu 'yan koyo biyu: ni da wani saurayi da muka yi aji ɗaya, wanda, ba yabon kai ba, bai taɓa wuce ni a jarrabawa ba. Sai sakatariya, wata 'yar kudu Kirista mai kaifin baki, wadda nake kira Yaya.

A bayan ofishin akwai ɗan tsakar gida da bishiyar darbejiya. Kullum bayan sallar azahar ake kawo abinci daga gidan Metir, babban tire guda: tuwo, wanda muke kira esh, da miyar busasshiyar kuɓewa, wata rana shinkafa, ranar Juma'a kuma gasasshen nama da ake sayowa da safe daga unguwar Farsha. A shimfiɗa tabarma, maza su kewaye tire, Musulmi da Kirista, babba da ƙarami, hannu ɗaya cikin miya ɗaya. Metir yana alfahari da wannan tire, kuma ya cancanta. Yakan ce a ofishinsa ba ɗan arewa ba ɗan kudu, duk wanda ya sa hannu a tirensa ɗansa ne.

Ni da Yaya namu daban ake zuba mana a ƙaramin kwano, a kai mana ɗakinta. Kuma wallahi ba a rage mu ba. Kafin kowa ya sa hannu, Metir da kansa zai tsinto hanta da tsoka mai laushi ya ce a kai wa mata. Ni ma ban ga laifin haka ba. A gidanmu ban taɓa cin abinci kwano ɗaya da Baba ba, balle wani namiji a waje. Muna ci muna hira, Yaya tana kwaikwayon tafiyar manyan lauyoyin, ina dariya har ina ƙwarewa.

Abin da ya dame ni shi ne, da an tashi daga abinci sai in ga abokin karatuna ya fito da dosiye, wato fayil ɗin shari'a, a hammata, yana goge baki. Gobe yana kotu, jibi yana tare da wani babban lauya wurin wani kamfani. Ni kuwa a ce in duba wannan doka, in gyara wancan rubutu. Na zargi kaina, na zargi gyalena, har na zargi muryata, wadda tun ina yarinya ake ce mini ta yi ƙara da yawa.

Azumi ne ya buɗe mini ido. Da watan ya kama aka daina kawo tire. Sai Metir ya riƙa fitowa daga ɗakinsa da rana, ya tsaya a baranda da dosiye a hannu yana cewa, "Wa ke da sarari?" Wanda idonsa ya faɗa a kai shi zai miƙa wa. A cikin watan nan aka tura ni na saurari masu ƙara, na raka wani babban lauya kotu, na zauna a bayansa. Na ce Alhamdu lillahi, an fara ganina. Ana gama hidimar Salla tire ya dawo, ni kuma na koma duba doka. Ruwa ba ya tsami banza. Na fara kasa kunne ta tagar ɗakin Yaya, sai na ji abin da ke gudana a gindin darbejiya. Tsakanin loma da loma wani zai ce an kawo wata shari'ar fili, Metir ya dubi wanda ke kusa da shi ya ce, "Kai, riƙe ta." Shi ke nan. Babu taro, babu shawara, babu mugun nufi. A bakin tire ake raba aikin ofishin nan kaf, ni kuma ina ciki ina cin hanta.

Na gaya wa Yaya. Ta dube ni kamar na gano cewa kogin Shari ruwa ne. Ta ce, "Sai yau? To ai kullum in kin wuce suna ce miki faddali. Ki amsa mana."

Gaskiya ne. A garin nan ba a cin abinci mutum ya wuce ba a ce masa faddal ba, wato bismilla. Amma kowa ya san amsar: ka ce shukran, Allah ya amfana, ka wuce. Na kwana biyu ina juya maganar. An ce da rashin tayi akan bar arha, ni kuwa kullum ana yi mini tayi ina ƙi. Shekarata ta farko ta riga ta ƙare, ta biyu ta kama, rigata tana bayan ƙofa.

Wata Laraba na fita kamar zan ɗebi ruwa a randa. Metir ya ɗago kai ya ce, "Faddali." Na ce, "To." Na wanke hannu, na tattara zanena, na zauna a bakin tabarma.

Har yau in na tuna sai na rufe fuska. Wurin ya yi tsit, har ana jin kukan kurciya a saman bishiya. Wani Alhaji cikin manyan lauyoyin, mutumin kirki mai yawan ibada, ya yi loma biyu, ya ce ya ƙoshi, ya tashi. Abokin karatuna ya riƙa kallon miya kamar an rubuta masa wani abu a ciki. Ni kaina na gutsuri tuwo sau ɗaya na kai baki, ban ƙara ba. Metir, wanda ba ya iya loma uku bai ba da labari ba, ya tura mini tsokar nama gabana bai ce komai ba. Babu wanda ya ambaci shari'a ko ɗaya. Aka mayar da tire gidan Metir kusan yadda ya zo. Aikin ranar kuwa a cikin mota suka raba shi, a hanyar kotu. Na hana bayin Allah cin abinci, na hana kaina, kuma ban samu komai ba.

Washegari da safe Metir ya aika a kira ni. Na shiga na tsaya. Sai ya yi mini magana da Hausa, abin da bai taɓa yi ba.

"'Yata, zauna. Abincin da ake kai muku ne ba ya isa?"

Da wata tambaya ya yi da na sunkuyar da kai na ba da haƙuri. Amma wannan ta ƙona mini rai. Na ce a zuciyata, ranar wanka ba a ɓoye cibi.

Na ce, "Metir, abinci yana isa, har muna ragewa. Allah ya saka da alheri. Ba tuwo na je nema ba."

"To me kika je nema?"

"Aiki. A bakin tire kake raba shi."

Ya haɗa rai. Ya ce, "Ni na taɓa cewa kada a ba ki aiki?"

"Ba ka taɓa ba. Amma wanda ke gabanka kake ba, ni kuma lokacin ina ɗakin Yaya. Da azumi, da babu tire, ka ba ni. Ka tuna. Saura wata nawa in gama, Metir? Me za ka shaida a kaina? Cewa na iya duba doka?"

Muryar nan tawa da ake kuka da ita ta fito sosai, na san har baranda an ji. Na ƙara da cewa ni ma ba na son zama cikin maza ina cin abinci, jiya ma kunya ta kusa kashe ni, amma ban san wata ƙofar ba. Daga nan hawaye ya zo, abin da ya ƙara ba ni haushi.

Metir ya rufe dosiyen da ke gabansa. Sannan ya ce, "Tashi ki je." Ban ji fushi a muryarsa ba, ban kuma ji sassauci ba. Na fito ina tunanin yadda zan gaya wa Baba cewa bakina ya yanka mini wuya. Yaya ta ce in ba ta rigar in an kore ni, za ta ɗinka wa kanta siket.

Da azahar aka kawo tire. Muna ɗakin Yaya, kwanonmu a gabanmu, ga hanta kamar kullum, na kasa taɓawa. Ta taga na ji ɗaya daga cikin lauyoyin ya fara: wai akwai wani ɗan kasuwa da ya zo da maganar fili a unguwar Atron. Sai Metir ya katse shi.

"Ba a magana ana cin abinci. Haka iyayenmu suka koya mana."

Aka fashe da dariya, domin in akwai wanda bai taɓa bin wannan tarbiyya ba a duniya, to shi ne. Amma bai yi dariya ba. Aka ci abincin nan shiru kamar gidan makoki. Da aka wanke hannu sai na ji ya ce a fito da kujeru baranda, a dafa shayi. "Ku kira mini Madam da ƙaramar Metir. Shayi kowa da kofinsa."

Muka fito muka zauna, ni da Yaya, a kan kujeru kamar kowa. Aka zuba jan shayin nan mai zaƙi a ƙananan kofunan gilas. Metir ya kurɓa, ya ce, "Yauwa. Wa ke maganar fili a Atron?" Aka maimaita. Ya dubi fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya, kamar mai zaɓen rago, sannan ya ce mini da Larabci, yadda yake ce wa kowa, "Ke, riƙe ta."

Bai taɓa bayyana dalilin sabuwar dokar ba, bai kuma taɓa ambaton sunana a kanta ba. Sai daga baya na gane girman wannan. Da ya ce saboda ni ne, da na zama yarinyar da ta ɓata wa mutane tire. Sai ya ɗauki abin a kansa. Suka riƙa tsegumi wai tsufa ya fara kama Metir, wai wani malami ne ya yi masa wa'azi. Ya bar su. Alhaji ya ci gaba da cin tuwonsa cikin kwanciyar hankali, ni na ci gaba da cin nawa tare da Yaya, babu wanda aka tilasta wa abin da bai saba ba. Wanda ya sha wuya shi ne Metir. Sau da yawa muna jin ya ɗauko labari, "Wata rana a Abeshe..." sai ya tuna, ya toshe bakinsa da loma.

Mai shari'ar filin wani ɗan kasuwa ne daga Nijar, mai kai da kawo tsakanin Damagaram da nan. Ya sayi fili a Atron, ya tafi, ya dawo ya tarar wani ya zagaye shi da bulo. Da ya ga wadda aka ba shi sai ya wuce ni ya shiga wurin Metir, ina jinsa yana cewa, "Ranka shi daɗe, wagga ɗiya ce za ta tsaya mini?" Metir ya ce, "Ita ce. In ba ka so, ga ƙofa, lauyoyi sun yi yawa a gari." Mutumin ya zauna.

Ranar shari'a na sauke rigata daga ƙusa, na kakkaɓe ta. Na tsaya gaban alƙali, na yi magana, kuma aka ji ni har bayan ɗaki. A karon farko muryata ta yi amfani. Da yamma Baba bai ma tambaya ba, ya gani a fuskata. Ya ajiye buta ya ce, "An sa?" Na ce an sa. Ya ce, "Madalla," ya ci gaba da alwala, amma na ga ya wanke fuska fiye da sau uku.

Muka faɗi a shari'ar. Ɗaya mutumin ya riga namu saye, kuma ya kawo shaidu masu ƙarfi. Na dawo ofis jiki ba ƙwari, na tabbata an gama da ni: an gwada mace, an gani. Da aka fito shan shayi na zauna a kujerar ƙarshe. Metir ya tambaye ni yadda aka yi, na faɗa. Ya nuna mini inda ya kamata in matsa wa shaida na biyu, ya yi mini faɗa sosai a gaban kowa, irin wanda yake yi wa abokin karatuna in ya yi sake. Sannan ya kurɓi shayi ya ce akwai wani mahauci daga Farsha da ke rigima da mai motar da ke ɗaukar masa nama. "Riƙe ta. Kada ki sake ki bar shaida ya tsere miki." Ban taɓa jin daɗin faɗa irin na ranar ba. Bai lallashe ni ba, bai kuma janye hannu ba.

Na gama koyo, ya shaida, na zama cikakkiyar lauya. Bayana ya ɗauki wasu 'yan mata, sun tarar ana shan shayi a baranda, suna tsammanin haka ofishin yake tun asali. Ban gaya musu ba. Yanzu ni nake kula da sashen shari'a na wani kamfani, kuma duk sa'ad da na ga wani ma'aikaci yana shiru da yawa, mace ko namiji, ɗan kudu ko baƙo, ba na fara tambayar ko wani ya zage shi. Nakan duba inda muke yanke magana, in ga ko yana iya zama a wurin. Wani lokaci tiren namu mota ce, wani lokaci hirar bayan masallaci, wani lokaci mu mata ne a ɗakina mun rufe ƙofa.

Metir ya rasu da damina. Na je gaisuwa. Maza suna waje ƙarƙashin rumfa, na wuce cikin gida wurin mata, na durƙusa gaban matarsa, wadda na ci tuwonta shekaru ban taɓa ganin fuskarta ba. Na faɗi ko ni wace ce. Hajiya ta riƙe hannuna ta dube ni da kyau, idonta jawur, sai ga murmushi.

Ta ce, "Ashe ke ce. Ke kika jawo mini. Da can in ya dawo gida ya gaji da surutu, in samu in huta. Tun da ya hana kansa magana a bakin tire, sai ya tara mini ita duka, ya zo ya juye mini da daddare. Shekara da shekaru ina shan labarin Abeshe saboda ke."

Matan da ke kusa suka yi dariya, ni ma na yi, hawaye yana zuba. Na ce ta yafe mini. Ta ce ba abin yafewa, yanzu ga gidan ya yi shiru, da ma ya dawo ya ishe ta. Sannan ta matso kusa ta rage murya.

"Ranar da kika yi masa magana, ya dawo bai ci abinci ba. Na tambaye shi lafiya? Ya ce, 'Ashe yarinyar mutane ina aika mata hanta da hannuna, ina hana ta abincinta.'"

Ana nan aka shigo da tiren sadaka, esh da miyar kuɓewa, aka ajiye a tsakiyarmu. Hajiya ta ce mini faddali. Na wanke hannu na matsa. Mata suna ci suna hira, ana tambayata wani abu ma ban amsa ba. Na ci nawa shiru har aka ɗauke tiren.